Zaman Iyali: Kasuwar da Ba a Komowa da Kaya

 A wannan wata muna so mu yi magana a kan wani baƙon abu da ya ke shiga gidaje ta cikin wayar hannu ba tare da sallama ba. Masu shi suna ce da shi kasuwa. Samarin da suka fara jin labarinsa suna ce da shi sana'ar masu ilimi. Mu dai bari mu kwance ƙunshin tukuna, mu ga abin da ke ciki, sa'an nan mu raɗa masa sunan da ya dace da shi.

Ba wanda za a koya wa ma'anar kasuwa a Jabo. In manomi ya kai buhun gero Tambuwal ya sayar, shi ya komo da kuɗi, mai saye ya koma da gero. Mai albasa daga fadama haka, mai akuya daga Kebbe haka. Ko da an yi ta ja-in-ja kafin a sallama, a ƙarshe kowa ya tafi gida da abu a hannu, dillali ya sami la'adarsa, ɗan dako ya sami na tuwo. Ku riƙe wannan da kyau, gama shi ne mudun da za mu yi awo da shi a gaba.

WASAN DA YA ZAMA SANA'A

Da fari mu san wasan da a ke magana a kai. Galibinmu mun ga ɗakunan da yara su ke ce da su gidan gem, inda a ke ta da janareta, a kunna talabijin da na'urar PlayStation, yara biyu su zauna suna buga ƙwallo a cikin allo. Mun kuma ga samari sun taru a gindin bishiya ko a shagon cajin waya, kowa ya sunkuya a kan wayarsa, suna wasannin harbe-harbe irin su Free Fire da PUBG da Call of Duty. A wurinmu wasan yara ne. Amma a waɗansu ƙasashe ya zama sana'a sosai, da ƙungiyoyi, da masu horarwa, da albashi, da 'yan kallo cike da babban ɗakin taro, kamar dai yadda ƙwallon ƙafa ya ke.

Kuɗin da ke ciki kuwa ba kaɗan ba ne. A shekarar 2021 an yi babbar gasar wani wasa mai suna Dota 2 a birnin Bukares na ƙasar Romaniya. Kyautar da aka raba ta kai dala miliyan 40, ƙungiyar da ta zo ta ɗaya, mai 'yan wasa biyar kacal, ta ɗauki wajen miliyan 18. A 2024 Saudiyya ta fara shirya gasar duniya ta wasannin kwamfuta a Riyad, da kyautar da ta haura dala miliyan 60, har Free Fire da PUBG na waya suna ciki. Watau wasan nan da ɗanka ya ke yi a zaure, akwai masu cin abinci da shi, shi ma ya san sunayensu kamar yadda mutanen da suka san Shago da Ɗandunawa a fagen dambe.

Ba mu ce wasan kansa zunubi ne ba. Kakanninmu sun yi dara, mu ma mun yi langa da kokawa a dandali bayan kaka. Wasa yana sa zumunci, yana kaifafa tunani, muddin bai cinye lokacin gona da na makaranta da na sujada ba. Damuwarmu ita ce abin da ya ke bin wasan a baya, kamar yadda ungulu ke bin mahauta.

TSOHUWAR CUTA

Caca ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Dattawa sun tuna 'yan karta a bayan kasuwa, da masu cika takardar pul ta ƙwallon Ingila, da na'urar kalo-kalo wadda gwamnatin soja ta haramta a 1977. Daga baya Baba Ijebu ya zo, sa'an nan kamfanonin cacar ƙwallo irin su NairaBet a 2009 da Bet9ja a 2013. Har aka kawo ƙwallon da ba mutane ke bugawa ba, na'ura ce ke buga abinta, ta gama cikin 'yan mintoci, a sake zuba kuɗi.

A gidan gem ma da ƙarami a kan fara. Yau a ce wanda aka ci shi zai biya kuɗin wasa. Gobe a ce kowa ya ajiye Naira 200, wanda ya ci ya kwashe. Jibi 'yan kallo ma sun fara ajiye nasu a kan wanda su ke ganin zai ci. Da yayyafi kogi kan cika.

Yawancin waɗannan suna da wuri, suna da ƙofa. Uba yana iya wucewa ya hangi takalmin ɗansa a bakin shago. Maƙwabci yana iya kawo labari. Hukuma tana iya sa kwaɗo. Jiharmu ta Sakkwato tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, shari'ar kuwa ta hana caca. A Kano 'yan Hisba sun rufe shagunan caca da dama a Oktoba 2024. A Nuwamba 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa sha'anin caca yana hannun jihohi, dokar tarayya ta 2005 ba ta da iko sai a Abuja. Amma sabuwar da mu ke magana ba ta da rumfa, ba ta da ƙofar da za a sa wa kwaɗo. Tana cikin aljihun yaro, tana kwana da shi a tabarma ɗaya. Ba ta kuma yarda a kira ta caca.

YADDA TA KE AIKI

Sunan da masu ita suka ba ta, in an juya shi da Hausa, shi ne kasuwar hasashe. Manyan kamfanoni biyu da suka yi suna a kanta duka na Amurka ne: Kalshi, wanda aka kafa a 2018, da Polymarket, wanda wani saurayi mai suna Shayne Coplan ya kafa a 2020. Sun yi tashe a lokacin zaɓen shugaban Amurka na 2024, sa'ad da aka yi cinikin da ya haura dala biliyan 3 a Polymarket a kan tambaya ɗaya tak, watau wa zai ci zaɓe. Bayan zaɓe suka ƙara ba da ƙarfi ga wasanni, har da gasar wasannin kwamfuta irin su Counter-Strike da League of Legends da Dota 2.

Ga yadda abin ya ke. A kan rubuta tambaya: ƙungiya kaza za ta ci ƙungiya kaza a wasan daren yau? Sai a fitar da takardu iri biyu, ta "I" da ta "A'a". Takardun nan rubutu ne kawai a cikin waya. Su da dala su ke lissafi, amma domin sauƙi bari mu ce kowace takarda Naira 100 za ta biya in ta faɗa daidai, in kuwa ta kuskure ba ta biyan ko kwabo. Kafin a gama wasa farashinta yana hawa yana sauka tsakanin Naira 1 da Naira 99, gwargwadon yawan masu so. In mutane da yawa suna ganin ƙungiyar za ta ci, sai takardar "I" ta kai Naira 70, ta "A'a" ta tsaya a Naira 30. Mutum yana iya saye a 70, in ƙungiyarsa ta fara rinjaye farashi ya kai 85, ya sayar tun ba a tashi wasa ba. A allon waya kuwa ga zane yana hawa yana gangara, sak irin na kasuwar hannun jari.

Wannan kamanni shi ne ƙugiyar. Yaron da aka rena a ikkilisiya, wanda kunya ba za ta bar shi ya taka shagon caca ba, in ya ga wannan sai ya ce wa kansa ai shi saye da sayarwa ya ke yi, kuma da iliminsa ya ke yi, gama ya san 'yan wasan nan ɗaya-ɗaya.

Kada mu ce abin yana nesa da mu. Da kuɗin kirifto a ke shiga Polymarket. Ku tuna shekarar 2024, lokacin da samari da 'yan mata, har da matan aure, suka duƙufa danna waya dare da rana suna "mainin" ɗin Hamster Kombat da 'yan'uwansa. Da aka zo biya a ƙarshen Satumba, da yawa suka ga abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Amma sun fita da abu ɗaya: sun koyi buɗe asusun kirifto, sun koyi canja Naira zuwa kuɗin intanet. Wanda ya iya wancan ba ya bukatar malami a wannan.

MU AUNA DA MUDU

Yanzu mu ɗauko mudun nan namu. Mutum ɗaya ya sa Naira 70, wani ya sa Naira 30. An tara 100. An gama wasa, ɗaya ya kwashe 100, ɗaya ya tashi hannu wofi. To, ina geron? Ina albasar? Ba a noma kome ba, ba a ƙera kome ba, ba a ɗauko kome daga inda ya yi yawa zuwa inda a ke bukatarsa ba. Kuɗi ne kawai ya fita daga wannan aljihu ya shiga wancan. Ko an sayar da takardar sau goma kafin a tashi wasa, kowace Naira da wani ya ci daga hannun wani ta fito. An dai sauya wa tuwo suna.

Masu kamfanonin su kan ce sun bambanta da shagon caca, domin a shago da mai shago ka ke karawa, a wurinsu kuwa da ɗan'uwanka mai saye. Gaskiya ne akwai wannan bambanci. A shago, in ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya, mutum biyu kuma suka sa Naira 1,000 kowannensu a gefe dabam-dabam, mai shago ba zai ba wanda ya ci 2,000 ba. Sai ya ba shi kamar 1,850, ya soke 150 a aljihu. A kasuwar hasashe abin da a ke yanka ya kan fi wannan ƙanƙanta. Amma ga mai bi wannan ba ta'aziyya ba ce. Ma'anarsa ita ce kuɗin da ka ci na wani ɗan Adam ne irinka, wataƙila wani ɗalibi a wata ƙasa wanda shi ma kuɗin makarantarsa ya zuba.

Su kan kuma ce farashin yana nuna wa duniya abin da zai faru, watau wani irin ilimi ne. Mai yiwuwa masana su sami abin koyo in a kan zaɓe ne ko farashin kaya. Amma wane amfani duniya za ta samu don ta san da awa biyu kafin lokaci wace ƙungiyar samari biyar ce za ta harbe 'yar'uwarta a cikin kwamfuta?

Hukumomi ma ba duka suka yarda da sunan nan ba. A Janairu 2022 wata hukumar Amurka ta ci Polymarket tarar dala miliyan 1.4 domin yin wannan ciniki ba rajista. Ƙasar Singafo ta toshe shi a Janairu 2025, ta ce haramtacciyar caca ce. A cikin Amurka kanta, jihar Nebada da waɗansu jihohi sun rubuta wa Kalshi a 2025 cewa ya daina, gama a ganinsu cacar wasanni ce ba lasisi, har magana ta kai kotu.

Ga wani lissafi kuma domin saurayin da ya ce shi ƙungiya mai ƙarfi kaɗai ya ke bi. A ce ka sayi takardar Naira 70 sau 10. Ka kashe 700. In farashin nan daidai ne, ƙungiyoyinka za su ci sau 7, su faɗi sau 3. Ka karɓi 700. Ina ribarka? Ga kuɗin data, ga na caji, ga abin da aka yanka wajen canja Naira zuwa kirifto da komowa da ita, ga barcin da ka rasa. Kafin ka ci riba ta ainihi, tilas ka fi sauran masu saye sanin abin da zai faru, kuma kullum, ba sau ɗaya ba.

To, su wane ne sauran masu sayen? Akwai masu kwamfutocin da ke saye da sayarwa da kansu cikin ƙiftawar ido. Akwai masu samun labarin wasa kai tsaye, alhali hoton da a ke nuna wa 'yan kallo a intanet a kan jinkirta shi da gangan, don kada a riƙa tsegunta wa 'yan wasa inda abokan karawarsu suka ɓuya. Saurayin da ke zaune a Jabo, wanda sabis ke ɗauke masa in hadari ya taso, abin da ya ke gani a allo ya riga ya wuce. Yana saye ne a hannun wanda ya riga ya san an ci ƙungiyar. Ko a kara, baƙon da bai san dabba ba shi a ke sayar wa mara lafiya.

IN ƊAN WASA YA SAYAR DA WASA

Akwai kuma wanda ya fi kowa sanin yadda wasa zai ƙare, shi ne ɗan wasan da ya yi niyyar faɗuwa. Wannan ya sha faruwa. A 2013 an gano wani ɗan wasan Dota 2 na ƙasar Rasha, Alexei Berezin, ya zuba dala 100 a kan cewa ƙungiyarsa za ta faɗi, domin ya ci dala 322. Tun daga nan masu wannan wasa in suna zargin an faɗi da gangan su kan ce "322". A Agusta 2014 wata fitacciyar ƙungiyar Counter-Strike ta Amurka mai suna iBUYPOWER ta faɗi da gangan a wasan da kowa ya ɗauka za ta ci. Da asiri ya tonu a farkon 2015, kamfanin Valve mai wasan ya kori huɗu daga cikin 'yan wasanta daga gasanninsa. A Koriya ta Kudu a 2016 an kama Lee Seung-hyun, wanda ya taɓa zama zakaran duniya a wasan StarCraft II, yana ɗan shekara 19, kotu ta same shi da laifin karɓar kuɗi domin ya faɗi wasa biyu. A Maris 2024 kuwa aka dakatar da mutum 32, galibinsu 'yan wasa, daga dukan ƙungiyoyi 8 na gasar League of Legends ta Biyetnam, saboda binciken sayar da wasa.

Dalilin a fili ya ke. Manyan kyaututtukan nan na 'yan ƙalilan ne. A ƙananan gasanni 'yan wasa yara ne, abin da a ke biyansu kaɗan ne, kuɗin da 'yan caca su ke zubawa a kansu kuwa ya kan fi shi nesa. Ga shi kuma da wuya a bambance kuskuren gaskiya da na gangan, gama yatsa ne zai yi jinkirin rabin daƙiƙa, shi ke nan. Mu a Nijeriya mun tuna Yuli 2013 a Bauchi, sa'ad da Plateau United Feeders ta ci wasa 79 da 0, Police Machine kuma 67 da 0. Wancan don neman hawa mataki aka yi shi, ko makaho ya san an yi maguɗi. Na kwamfuta kuwa sai a yi shi a gaban idonka ba ka sani ba.

Mu lura da wani abu a nan. Duk wanda ya zuba kuɗi a kan wasa, ya ƙara wa tarin da a ke jarraba ɗan wani da shi. Ubangijinmu ya yi kashedi mai nauyi a Matiyu 18 a kan wanda ya zama sanadin tuntuɓen ƙanana.

ME MAGANAR ALLAH TA CE?

Saurayi mai wayo zai ce a nuna masa ayar da ta ambaci caca. Gaskiya ne, ba za ka sami dokar da ta kira ta da suna ba, kamar yadda ba za ka sami sunan wiwi ko tiramol ba. Amma saiwarta da 'ya'yanta duka an ambace su. Doka ta goma a Fitowa 20 ta hana mu ƙyashin abin maƙwabci, caca kuwa ba ta tsayuwa sai da sa ido a kan aljihun wani. An umarce mu mu ƙaunaci maƙwabci, to, ƙaƙa za ka ƙaunaci wanda ka ke fata ya yi hasara? Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari ga Timoti sura 6, ya nuna tarkon da masu ɗokin arziki su kan faɗa, da baƙin cikin da su kan jawo wa kansu. Karin Magana 13 ta gwada dukiyar banza da wadda aka tara sannu-sannu, ta nuna wadda ke daɗewa. A Afisawa 4 kuma an ba mu dalilin aikin hannu, watau mai bi ya sami abin da zai taimaki mabukaci da shi.

Wani zai ce ai manzanni ma sun jefa ƙuri'a. I, sun jefa a Ayyukan Manzanni 1, sa'ad da za a zaɓi Matiyas a gurbin Yahuza. Amma addu'a suka yi, ba wanda ya ajiye kuɗi, ba wanda ya koma gida da na ɗan'uwansa. Wurin da aka jefa ƙuri'a domin a ci kaya shi ne gindin gicciye, a Yahaya 19, inda sojoji suka yi ta a kan rigar Mai Cetonmu, shi kuwa yana bisa yana zub da jini dominsu.

Wani kuma zai ce noma ma caca ne, gama manomi ya kan zuba iri bai san ko ruwa zai tsaya ba, mai sayen albasa da kaka ya adana bai san ko za ta ruɓe ba. Kasada kam akwai ta a kowace sana'a. Amma in manomi ya dace, gari duka ya ci. Ba sai wani ya faɗi ba kafin shi ya tashi. Bayin da aka yaba a misalin talanti na Matiyu 25 ma, juya dukiyar maigidansu suka yi da aiki.

Akwai kuma maganar shaidarmu. Mu masu bi 'yan kaɗan ne a ƙasar Tambuwal da Kebbe. Maƙwabtanmu Musulmi, addininsu ya haramta caca ƙarara, a kan wannan bakinmu ɗaya da su. Suna kuwa ganin zamanmu. In aka san ɗan gidan Kirista shi ne ke koya wa yaran unguwa yadda a ke shiga wannan kasuwa, sunan wa aka ɓata?

ABIN DA ZA MU YI A GIDA

Na ɗaya, mu koyi abin. Maigida, ka zauna da ɗanka ya nuna maka wasan da ya ke yi, ka tambaye shi ko abokansa suna sa kuɗi. Uban da ya fasa waya cikin fushi ya rufe bakin ɗansa ne kawai, gobe yaro ya ari ta aboki. Gara ku zuba ƙwayar wake 100 a tabarma, ku raba 70 da 30, ku yi lissafin nan tare har ya gani da idonsa.

Na biyu, mu san alamu. Wasan da a ke yi da yamma a Amurka ya kan faɗo mana tsakar dare, na Koriya kuwa da safe, lokacin makaranta. In yaro ya fara kwana ido biyu da waya a ƙarƙashin mayafi, yana yawan zuwa wurin mai POS, canjin aike ya daina cika, hatsi yana raguwa a rumbu ba dalili, yau fara'a gobe fushi, to, ruwa ba ya tsami banza. In saƙon masu ba da bashi ta waya ya fara zuwa wa dangi, abin ya riga ya yi nisa.

Na uku, ku iyaye mata da 'yan zumunta, kada ku ba da lambar BVN ko ta NIN, ko ku tsaya a ɗauki hoton fuskarku domin a buɗe asusun da ba ku san kansa ba. Ba a yarda wanda bai kai shekara 18 ba ya yi rajistar caca, shi ya sa yaro ya kan nemi takardun uwarsa. In bashi ya taso, sunanki za a kira.

Na huɗu, mu fara da kanmu. Uban da takardar cacar ƙwallo ke cikin aljihun rigarsa ba shi da bakin yi wa ɗa faɗa. Mu tuna MMM da ya tsaya a Disamba 2016, da CBEX da ya rushe a Afrilu 2025. Na farko ya kira kansa taimakon juna, na biyu ya kira kansa kasuwanci, manya da yawa kuwa sun ruɗu da sunan. Pastoci da dattawa, kada a ɗora hannu a yi addu'a a kan tikiti, kada a ba mai cin caca wuri ya ba da shaida a sujada. Kuɗin zumuntar matasa kuma mutum biyu su riƙe shi, a riƙa karanta lissafinsa a gaban kowa.

Na biyar, in ɗanmu ya riga ya faɗi, mu ɗaga shi da tawali'u yadda Galatiyawa 6 ta koya. Kada a tozarta shi a gaban taro. A zauna a rubuta bashin duka, ba ɓoye-ɓoye, a shirya yadda zai biya da guminsa. A rufe asusun a gabansa, wani amintacce ya riƙe masa kuɗinsa na waɗansu watanni. A kuma gaya masa tun da wuri cewa ba a biyan bashin caca da caca, garin neman gira a kan rasa ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lasafta jarabar caca cikin cututtuka, a 2019 kuma ta ƙara da jarabar wasan kwamfuta. In ya kasa bari, ko ya fara zancen gara mutuwa, kada a ɗauka wasa ne. A yi addu'a, a kuma kai shi wurin likita, akwai asibitin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kware.

Na shida, mu ba shi fage. Yaron da ya iya riƙe sunayen 'yan wasa 50 da lissafin cinsu, Allah ya ba shi kai. A damƙa masa littafin shiga da fita na shago, ko a yanka masa kadada ɗaya a noman rani, ko a kai shi koyon gyaran waya. Zumuntar matasa ma tana iya shirya gasar gem da rana, a gaban manya, ba ajiye kuɗi, wanda ya ci a ba shi littafi.

Ku kuma samari, ba mu raina wahalarku ba. Mun san aiki ya yi wuya, tsadar kaya ta yi yawa, ga abokai suna nuna hoton abin da suka ci. Amma ku lura, ba wanda ya taɓa nuna muku hoton abin da aka cinye masa. Kafin ka danna, ka tambayi kanka tambaya biyu. In na ci, wa ya yi kuka? Zan iya durƙusawa in gode wa Allah domin wannan kuɗi, mahaifiyata tana ji?

A sujadar iyali ta wannan mako, muna roƙo ku karanta sura 6 ta wasiƙar fari ga Timoti tare da 'ya'yanku, ku bar su su yi tambaya. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ubangiji ya tsare gidajenmu, ya albarkaci aikin hannuwanmu, ya koya mana wadar zuci. Sai wata mai zuwa, in ya yarda.